Kano Tsakanin Hazo da Hadari: Tarihin Filin Jirgi da Masu Duba Yanayinsa

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojojin saman Ingila suka sauka a Kano. Babu filin jirgi a garin a lokacin, filin sukuwa aka gyara musu. Sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, tun ranar 27 ga Oktoba, wani hafsa mai suna Arthur Coningham ne jagoransu. Suka bi Kogin Nilu har Kartum, sannan suka karkata yamma ta El Obeid da El Fasher da Abeche da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena a yau, da Maiduguri. Kusan wannan ita ce hanyar da alhazan ƙasa suka saba bi da ƙafa da jaki da raƙumi, wasu su yi shekaru kafin su dawo gida. Sarki Usman ne ke kan gadon Dabo a shekarar. Jiragen samfurin DH.9A ne, inji ɗaya, mazaunin mutum biyu, babu rufi a kan matuƙi.

Zuwan nasu ya faɗo a 'yan makonnin da sararin Kano ya fi lafiya: damina ta ɗauke, hunturu bai kankama ba. Da watan Janairu suka zo, ko watan Yuni, da labarin ya bambanta, domin iska biyu ce ke karɓa-karɓa a kan wannan gari. Ɗaya busasshiya ce, daga arewa maso gabas take fitowa, ta ratsa Sahara ta kwaso ƙura. Ɗayar kuma mai laima ce, daga Tekun Atlantika take tasowa ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu akwai wata iyaka da ke tafiya da shekara, ta hau arewa har ta wuce Agadas a watan Agusta, ta gangara bakin teku a watan Janairu. Idan iyakar tana kudu da Kano, hazo ne. Idan ta wuce arewa, hadari ne da tsawa. Shi ya sa babban titin jirgin Kano yake kwance yadda yake. Lambarsa 06 ta wannan baki, 24 ta wancan, ma'ana digiri 60 da digiri 240 a kan kamfas. Jirgi da iska a goshi yake son tashi da sauka, to an shimfiɗa titin a kan layin iskokin nan biyu, kowacce ta zo akwai bakin da za a fuskance ta.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Kartum da Kano da jirage masu inji huɗu samfurin DH.86, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar har Ikko. Daga wannan shekara ake lissafin fara aikin filin jirgin Kano, wanda ya girmi duk sauran filayen Najeriya. Jiragen lokacin ba sa iya hawa sama da hadari, ba su da rada, kuma matuƙi da ido yake neman hanya: ga kogi, ga layin dogo, ga ganuwar birni. Ranar da hazo ya rufe ƙasa, duk waɗannan alamomi sun ɓace. Abin da ya rage masa shi ne saƙon da wani ma'aikaci ya buga ta wayar iska daga tashar da ke gaba, yana faɗin nisan da ido ke iya gani da inda iska ta fito.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mai da wannan ƙaramin aiki babba. Da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yunin 1940, Tekun Bahar Rum ya zama mai wuyar ratsawa, Ingila kuma na matuƙar bukatar kai jiragen yaƙi Masar. Sai aka koma kawo su cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, a haɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Kartum, har Alƙahira. Abin da ya buɗe wannan hanya shi ne matakin gwamnan Chadi, Felix Eboue, na bin ɓangaren Janar de Gaulle na Faransa a watan Agustan 1940. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba. Ƙananan jirage irin su Hurricane kan jeru ne a bayan wani jirgin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya, domin su ba su da kayan da za su kai kansu. Kafin 1943 ta ƙare jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. An yi asarar wasu a daji da hamada, kuma hazo da hadari na cikin manyan dalilai.

Jami'an yanayi da aka turo Afirka ta Yamma sun zo da ilimin da aka gina a Turai, musamman a birnin Bergen na Norway wajen 1920, wanda ya dogara kan karon iska mai sanyi da mai ɗumi da kuma hawa da saukar nauyin iska. Suka tarar a nan ma'aunin nauyin iska ba ya wani motsi sosai daga yau zuwa gobe, amma kuma sai hadari ya taso ya tuge rufin ɗakin ajiye jirage. Dole suka sake karatu. A 1945 biyu daga cikinsu, Hamilton da Archbold, suka buga dogon nazari a kan yanayin Najeriya da maƙwabtanta, inda suka yi bayanin hazon hunturu da kuma jerin hadarin da ke tafiya a sahu ɗaya daga gabas zuwa yamma, ƙura da iska mai ƙarfi a gaba, ruwa a baya. Duk manomin ƙasar Hausa ya san hadarin gabas shi ne abin tsoro, kuma ya san sanyayyar iskar da ke riga shi isowa. Abin da masu nazarin suka ƙara shi ne awo: gudunsa nawa, faɗinsa nawa, idan ya bar Maiduguri da azahar yaushe zai iso Kano.

Ana cikin yaƙin, a ƙarshen 1944, ƙasashe 52 suka sa hannu a Chicago kan yarjejeniyar sufurin jiragen sama, wadda ta haifi hukumar ICAO a 1947. Hukumar yanayi ta duniya, WMO, ta biyo baya a 1950. Su biyun suka ɗauki aikin samar da harshe ɗaya na rahoton yanayi, wanda Bafaranshe da Balarabe da Bahaushe za su karanta su fahimci abu guda. A wannan tsari aka raɗa wa kowane fili suna mai haruffa huɗu. Kano DNKN ce, Sakkwato DNSO, Maiduguri DNMA, Yamai DRRN, Zinder DRZR, Jidda OEJN. Yankin bayanan zirga-zirgar sama na Najeriya baki ɗaya kuma har yau sunan Kano yake ɗauke da shi, shaidar matsayin da garin ya samu tun wancan zamani.

Shekarun 1950 su ne ganiyar filin. Jiragen farfela ba sa iya tashi daga Turai su kai kudancin Afirka ba su sha mai ba, Kano kuwa ita ce babbar tasha ta farko bayan an ƙetare Sahara. Jiragen kamfanonin BOAC da KLM da Sabena duk suna yada zango. A cikin wannan hali ne aka yi hatsarin da, a ganina, ya kamata kowane ɗalibin ilimin yanayi a ƙasar nan ya san shi kamar sunansa.

Ranar 24 ga Yuni, 1956, da yamma bayan ƙarfe biyar, wani jirgin BOAC samfurin Argonaut mai inji huɗu, wanda ya zo daga Ikko zai wuce Tarabulus da Landan, ya tashi daga Kano ya fuskanci yamma, da mutum 45 a ciki. Akwai hadari a kewayen filin, ana kuma yayyafi, amma matuƙin ya duba ya ga hanyarsa a buɗe take. Jirgin ya ɗaga lafiya. Yana kaiwa kimanin ƙafa 250 sai gudunsa ya zube, ya fara nutsowa. Aka ba injinan dukkan wutar da suke da ita, bai hana ba. Fiffikensa ya daki bishiya, ya faɗi, ya kama wuta. Mutum 32 suka rasu. Kwamitin bincike bai ɗora wa matuƙin laifi ba. Ya ce jirgin ya faɗa cikin wani ƙullin hadari ne da ba a iya hasashensa ba, wanda ya juya iska farat ɗaya daga gaba zuwa baya, tare da ruwa mai ƙarfi, wataƙila kuma da iska mai dannowa ƙasa. Ya roƙi ICAO ta gaggauta duba haɗarin tashi kusa da hadari mai tsawa.

Abin da kwamitin ya siffanta ba shi da suna a lokacin. Sai bayan shekara 19, ranar 24 ga Yuni, 1975, rana ɗaya da ta Kano, wani Boeing 727 na kamfanin Eastern ya faɗi yana shirin sauka a New York, mutum 113 suka mutu. Wani masani ɗan asalin Japan a Jami'ar Chicago, Tetsuya Fujita, ya bi diddigin bayanan jiragen da suka sauka kafin shi, ya nuna cewa hadari kan sako dunƙulen iska mai sanyi da nauyi kai tsaye zuwa ƙasa, idan ta daki ƙasa ta fantsama ta ko'ina, kamar an kifar da bokitin ruwa a kan daɓe. Faɗinta bai wuce kilomita huɗu ba, kuma cikin 'yan mintoci take mutuwa. Jirgin da ya shiga cikinta zai fara cin karo da iska a goshi, gudunsa ya ƙaru, matuƙi ya ji daɗi har ya rage wuta. Daƙiƙu kaɗan sai ta danne shi daga sama, sannan ta koma bayansa ta kwashe iskar da fukafukansa ke dogaro da ita. Abokan aikin Fujita da dama sun musa masa da farko, sai da gwaje-gwajen rada na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 suka gaskata shi. Masu nazarin hatsarin jirage a yau suna lissafa na Kano cikin na farko-farko da aka rubuta da wannan siffa.

Rahoton yanayin filin jirgi da ake kira METAR, wanda aka fara aiki da shi a duniya a 1968, layi ɗaya ne tak, ana fitar da shi kowace awa, a wasu filaye kowane rabin awa. Ga misalin da na tsara irin na safiyar hunturu:

DNKN 150700Z 06012KT 0800 DU NSC 14/02 Q1017

Haruffan farko sunan fili ne. Na biyu ranar 15 ga wata, ƙarfe bakwai agogon duniya, wato takwas na safe a Najeriya da Nijar. Duk harkar jirage da wannan agogo ɗaya ake yin ta don kada a samu ruɗani tsakanin ƙasashe. Sai iska: daga digiri 60 take, wato arewa maso gabas, gudunta not 12, kimanin kilomita 22 a awa, don haka bakin 06 za a yi amfani da shi. 0800 shi ne abin da ya fi damun kowa, ido ba ya wuce mita 800. DU ƙura ce da ta cika sarari. Da hazon ya yi sauƙi da HZ za a gani, da hadari ne mai tsawa da ruwa da TSRA. NSC na nufin babu gajimaren da zai dami jirgi. Zafi digiri 14, kuma sai an sanyaya iskar zuwa digiri 2 kafin ta yi raɓa, wanda ke nuna bushewar da ke tsaga leɓe da diddige. Na ƙarshe nauyin iska ne, 1017. Matuƙi zai murɗa ma'aunin tsayinsa ya daidaita da wannan lamba, ta yadda idan tayoyinsa suka taɓa titin Kano zai nuna masa tsayin filin daga teku, ƙafa 1,560 da 'yan kai. Kuskuren maki ɗaya a nan daidai yake da kusan ƙafa 30 a sama. Idan aka yi kuskuren goma a ranar da ba a ganin ƙasa, matuƙi na iya zaton saura ƙafa 300 alhali yana gab da taɓa bishiyoyi.

Bayan kowace lamba a layin nan akwai mutum. Shi ne mai duba yanayi, wanda ke fita tsakar dare ko tsakar rana ya buɗe farin akwatin katako mai tagogi ya karanta ma'aunin zafi, ya dubi alamomin da ya san nisansu, wata hasumiya ko tankin ruwa ko tudu, ya ga wacce ta ɓace wacce ta rage. Ya raba sama kashi takwas a ransa ya ƙiyasta nawa gajimare ya rufe. A da har balan-balan yake saki ya bi shi da madubi don gane iskar sama. Na'urori sun karɓi kaso mai yawa na wannan aiki yanzu, amma har gobe idan yanayi ya sauya tsakanin rahoto da rahoto, shi ne zai fitar da na gaggawa mai suna SPECI ba tare da jiran awa ta cika ba. Fasinja bai taɓa ganinsa ba, ba ya sa kaki mai ado irin na matuƙi, kuma ban ga an ba shi girman da ya kai nauyin amanar da ke wuyansa ba.

Hatta lambar zafi, wadda mutum zai ɗauka ba ta da wani muhimmanci, rai ne a cikinta. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin riƙo sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. A bazarar Kano, inda zafi ke haura digiri 40, jirgi na bukatar titi mafi tsawo ko kaya mafi sauƙi. Ranar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya cinye titi bai gama ɗagawa ba, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu a ciki da ƙasa. Binciken hukuma ya ɗora nauyin kan matuƙan, ya kuma ambaci zafin ranar cikin abubuwan da suka rage wa jirgin ƙarfi.

METAR abin da ake ciki yake faɗa. Abin da ake sa ran zai faru kuwa TAF ke ɗauke da shi, wanda manyan filaye ke fitarwa sau huɗu a rana, ya shafi awa 24 ko 30 masu zuwa. Harshensa ɗaya da na METAR, sai 'yan kalmomin ƙari: BECMG idan yanayin zai sauya ya zauna, TEMPO idan zai zo ya wuce, PROB30 idan yiwuwar abin kashi 30 ce cikin ɗari. Da shi matuƙin da zai taso daga Jidda yake yanke shawarar yawan man da zai sha da filin da zai karkata idan inda ya nufa ya rufe. Wannan zaɓi na filin ko-ta-kwana ba ƙaramin abu ba ne, kuma Kano ta ga ranar da ya zo da baƙin ciki. Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jordan, wanda Nigeria Airways ta yi hayarsa don kwaso alhazai, ya taso daga Jidda zai je Ikko. Yanayin Ikko ya ɓaci, aka karkato shi Kano, a tsakiyar hunturu, ga iska mai ƙarfi. Wajen sauka tayar gaba ce ta fara dukan titi ta karye, ƙafar dama ta bi ta, jirgin ya juya ya bar titi ya kama wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu, kusan dukkansu alhazai da suka sauke farali suna hanyar gida. A lokacin duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgi da ya ci rayuka haka ba. Allah ya jiƙansu.

Hazo dai ya fi hadari sauƙin hasashe, saboda an san gidansa. A arewacin Chadi akwai wani kwari mai suna Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi ne na zamanin da yake da girman teku, ƙasarsa fara ce mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas kan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta afka wa kwarin. Masana na ɗaukarsa wuri ɗaya da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, har wani kaso nata kan ƙetare Atlantika. Tashar Faya-Largeau tana bakin wannan hanya. Idan rahotonta ya nuna iska ta tashi, gani ya faɗi, mai hasashe a Kano ya san yana da kwana ɗaya zuwa biyu kafin ƙurar ta iso, daga nan ta gangara Kaduna da Abuja har bakin teku. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda jirage za su kwana a ƙasa. Wannan ya sa aikin ba na ƙasa ɗaya ba ne. Rahotannin filayen Chadi da Nijar suna zuwa ne ta hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a Senegal a 1959, wadda ke da makarantar horar da ma'aikatan yanayi da na zirga-zirgar sama a Yamai. A Najeriya kuma hukumar NiMet, wadda doka ta kafa a 2003 daga tsohon sashen yanayi na gwamnati, ita ke da wannan alhaki. Hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat yanzu suna nuna ƙurar tun tana barin kwarin.

Hadari kuwa bai daina cin mutane ba ko bayan an gane sirrinsa. A watan Disamban 2005 jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin ruwa da iska, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta ne masu komawa hutu. Ba a cika shekara ba, ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC samfurin Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato hadari na kan filin, ya faɗi jim kaɗan bayan ɗagawa. Mutum 96 suka rasu cikin 105, har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton masu bincike ya ce matuƙan sun tashi alhali sun san yanayin ba kyau, kuma da iskar ta juya musu ba su bi matakan kuɓuta yadda aka tsara ba. Nan ne abin ya fi ci mini rai. A 1956 babu wanda ya san irin wannan iska. A 2006 an san ta, an rubuta ta a littattafan horo, hasumiyar filin ma ta sanar da yadda iska ke kaɗawa. Bayan waɗannan hatsarori ne aka kafa na'urorin gano juyawar iska a kewayen titunan manyan filayen ƙasar, masu aika gargaɗi hasumiya cikin daƙiƙu.

Kowane titin jirgi yana da mafi ƙarancin gani da doka ta yarda a sauka da shi, kuma adadin ya danganta da kayan da ke ƙasa. Na'urar da ke jan jirgi zuwa titi da siginar rediyo, wato ILS, hawa-hawa ce. A matakin farko matuƙi zai gangaro har ƙafa 200, idan bai ga fitilu ba dole ya fasa ya koma sama, kuma ana bukatar gani na mita 550 a kan titi. A mataki na biyu ƙafa 100 ne da mita 300. Inda babu na'urar, ko ta lalace, ko lokacin gwajinta ya wuce ba a yi ba, sai abin da ake bukata ya haura mita dubu, wani wurin ma fiye. Saboda haka idan aka soke tashin jirage a Disamba ko Janairu aka ce hazo ne, gaskiya aka faɗa, amma ba dukkanta ba. Ƙura iri ɗaya tana iya rufe wannan fili ta bar wancan a buɗe, gwargwadon na'urar da aka saya, da wutar da ke riƙe ta, da horon da matuƙin da kamfaninsa suka samu.